Ƙarfin Aro: Yadda Magungunan Zaburar da Ƙwaƙwalwa Ke Aiki a Jikinka

 Bayaninmu na wannan karo ya shafi direban da ke kwana bisa hanya, da ɗalibin da ke raba dare yana bitar karatu, da mai haƙar zinariya a cikin rami, da ɗan dako a kasuwa, har ma da dattijon da bakinsa ba ya rabuwa da goro. Kowannensu yana da abin da yake sha ko yake taunawa domin barci ya kau, jiki ya warware. Masana magunguna sun tara waɗannan abubuwa a gida ɗaya, suna kiran su masu zaburar da ƙwaƙwalwa. A cikin gidan akwai masu sauƙi irin su goro da shayi da kofi, akwai kuma masu halakarwa irin su hodar iblis da metamfetamin.

Magana ɗaya muke so ka riƙe tun daga nan: babu ko ɗaya a cikinsu da ke ƙara wa jiki ƙarfi. Ƙarfi daga abinci da ruwa da barci yake fitowa. Aikin waɗannan magunguna shi ne su ɓoye maka gajiyar da ke jikinka, ko su sa jikin ya cinye guzurin gobe a yau. Ƙarfin aro ne, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Idan ka san yadda kowannensu yake aiki, za ka san wanda za ka iya amfani da shi bisa ƙa'ida, da wanda ko kusa da shi bai kamata ka je ba.

Yadda saƙo ke tafiya a cikin ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwa da lakar da ke cikin ƙashin baya su ne cibiyar jijiyoyin jiki. A cikin ƙwaƙwalwar mutum akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma duk wani tunani ko motsi ko jin daɗi saƙo ne da ke wucewa daga wata ƙwaya zuwa wata. Ƙwayoyin ba a manne suke da juna ba, akwai ɗan siririn fili a tsakaninsu. Idan ƙwaya ta so aika saƙo, sai ta buɗe 'yan rumbunan da ke bakinta, ta saki wani sinadari ya tsallaka filin, ya zauna a mazaunin da aka tanadar masa a jikin maƙwabciyarta, kamar yadda mabuɗi ke shiga kwado. Da zarar saƙo ya isa, sai ƙwayar da ta aiko shi ta janye sinadarin ta wata ƙofar komawa, ta mayar da shi rumbu domin amfanin gaba. Haka jiki yake tattalin kayansa.

Sinadarai uku ne suka fi shafar zancenmu. Na farko dofamin, shi ke kawo himma da kwaɗayin abu da jin daɗin samunsa. Na biyu noradirenalin, shi ke farkar da mutum, ya ƙara bugun zuciya, ya tsuke hanyoyin jini, ya shirya jiki domin gudu ko kare kai. Na uku adenosin, wanda za mu kira manzon gajiya. Tun daga lokacin da ka farka da asuba yake taruwa a ƙwaƙwalwa kaɗan-kaɗan, gwargwadon aikin da ƙwayoyin suka yi. Idan ya yi yawa sai ido ya yi nauyi, hamma ta zo. Barci ne kaɗai ke share shi.

Duk magungunan da za mu ambata, a waɗannan wurare uku suke sa hannu: ko su tare manzon gajiya, ko su toshe ƙofar komawa, ko su fasa rumbu.

Goro, shayi da kofi: masu tare manzon gajiya

Goro tsohon abokin Bahaushe ne. A ƙarni na 18 da na 19 ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina, su ratsa ƙasar Gurma da ta Mosi, su isa kasuwar Salaga a Gwanja domin sayen goro, kuma zangunan da suka yada a hanya su ne tushen unguwannin Hausawa da yawa a wannan yanki. Abin da ke cikin goro mai kore barci shi ne kafeyin, sinadarin da wani Bajamushe mai suna Friedlieb Runge ya fara tacewa daga 'ya'yan kofi a 1819. Shi ne dai a cikin shayi, da Nescafé da ake haɗawa a teburin mai shayi, da lemunan gwangwani da ake tallatawa da sunan masu ƙara kuzari.

Ƙirar kafeyin ta yi kama da ta adenosin, saboda haka sai ya riga shi zama a mazauninsa. Manzon gajiya ya iso da saƙo, ya tarar an tare masa wuri. Kai kuwa sai ka ji ido ya buɗe, hankali ya dawo. Amma manzon bai koma gida ba, yana nan yana ƙara taruwa a bakin ƙofa. Da zarar kafeyin ya janye, sai gajiyar ta faɗo maka gaba ɗaya.

Kafeyin yana kai ƙololuwarsa a cikin jini tsakanin minti 30 zuwa awa 1 bayan an sha. Hanta ce ke narkar da shi, kuma ga babban mutum mai lafiya takan ɗauki kimanin awa 5 kafin ta rage shi zuwa rabi. Ka lura da wannan lissafi: idan ka sha miligiram 200 da ƙarfe 4 na yamma, da ƙarfe 9 na dare saura 100 a jikinka, da ƙarfe 2 na dare saura 50. Wannan ne dalilin da ya sa shayin majalisa na bayan isha'i, musamman zagayen farko mai ɗaci, yake hana barci mai nauyi ko da mutum ya samu ya runtsa.

Game da adadi, hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 a yini, a rarrabe, ba ya cutar da babban mutum mai lafiya, amma mai juna biyu kada ta wuce 200. Kofi ɗaya na Nescafé yakan ƙunshi miligiram 60 zuwa 80. Gwangwanin Red Bull mai mililita 250 yana da 80. Goro ɗaya matsakaici yakan yi daidai da kofi ɗaya ko ya fi. Wanda ya wuce ƙa'ida zai ji hannu na rawa, zuciya na dakan uku-uku, ƙwannafi, yawan fitsari da faɗuwar gaba babu dalili. Wanda ya haɗiye wajen miligiram 1,200 a lokaci ɗaya, kamar yadda yake faruwa da masu shan ƙwayoyin kafeyin barkatai, yana iya kamuwa da jijjiga.

Akwai abubuwan da ke canza saurin aikin hanta. A watannin ƙarshe na ciki, kafeyin yakan daɗe a jiki ninki biyu zuwa uku. Maganin ƙwayoyin cuta mai suna siprofuloksasin, wanda ake yawan bayarwa domin zazzaɓin taifot da ciwon mafitsara, shi ma yana jinkirta fitarsa, don haka ka rage goro da kofi muddin kana shan sa. Hayaƙin taba kuwa hanzarta fitarsa yake yi, shi ya sa mai shan sigari yake yawan neman ƙari. Ita kanta tabar tana ɗauke da nikotin, wanda shi ma mai zaburarwa ne, yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, kuma yana daga cikin abubuwan da suka fi wuyar bari.

Wanda ya saba da kafeyin, idan ya daina farat ɗaya, ciwon kai da kasala za su same shi bayan awa 12 zuwa 24, su tsananta a kwana na biyu, su wuce cikin mako guda ko fiye da haka kaɗan. Ciwon kan da mutane da yawa ke fama da shi a farkon azumi, galibi daga nan yake. Maganinsa shi ne a fara ragewa sannu a hankali tun mako biyu kafin watan ya kama.

Amfetamin da danginsa: masu fasa rumbu

An fara haɗa amfetamin a birnin Balin na Jamus a 1887. A Japan kuma, Nagai Nagayoshi ya tace efedirin daga wani tsiro a 1885, sannan ya haɗa metamfetamin daga gare shi a 1893. A 1938 wani kamfanin Jamus ya fito da metamfetamin kasuwa da sunan Pervitin, aka riƙa raba wa sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu domin su yi kwanaki ba barci. Ba a daɗe ba likitocin soja suka ga sakamakon: sojan da ya yi kwana biyu a farke sai ya zube, ya kasa komai na wasu kwanaki. A ƙasar Hausa an daɗe da sanin irin waɗannan ƙwayoyi a hannun manoma da 'yan ƙwadago, har aka laƙaba musu suna a-ji-garau. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sanya su cikin magungunan da ba a bayarwa sai da takardar likita da tsauraran sharuɗɗa.

Aikin amfetamin ya sha bamban da na goro. Yana shiga cikin ƙwayar jijiya ta ƙofar komawa, ya fasa rumbunan dofamin da noradirenalin, sannan ya juya ƙofar ta riƙa fitar da kaya maimakon shigar da su. Filin da ke tsakanin ƙwayoyin sai ya cika maƙil da saƙon da babu wanda ya aiko shi. Mutum ya ji shi sarki ne: babu yunwa, babu barci, babu tsoro, baki ya buɗe da surutu. Metamfetamin, wanda ake sayarwa kamar farfasasshen gilashi ana ce masa ais, ya fi saurin ratsa ƙwaƙwalwa, kuma yakan ɗauki awa 10 zuwa 12 kafin ya ragu zuwa rabi a jini.

Manomin da ya cinye hatsin rumbunsa tun da kaka, ya san abin da ke jiransa da bazara. Haka ƙwaƙwalwa take wayar gari bayan amfetamin: rumbu wayam. Sai barci mai nauyi, da yunwa, da baƙin ciki, da jin duniya ta yi ƙunci. A nan ne mutum yake koma wa ƙwayar, domin kawai ya ji ya dawo daidai.

Wannan abu ba daga nesa kaɗai yake zuwa ba. A 2011 hukumar NDLEA ta Najeriya ta gano wurin dafa metamfetamin na farko a Legas, kuma an gano wasu da dama bayansa. Efedirin da sudo-efedirin, waɗanda ake samu a wasu magungunan mura, dangi ne na kusa. Ƙarfinsu a ƙwaƙwalwa bai kai na amfetamin ba, amma suna ɗaga hawan jini sosai.

Hodar iblis: mai toshe ƙofar komawa

Hodar iblis, wato koken, daga ganyen koka na duwatsun Kudancin Amurka ake samun ta. Albert Niemann ya tace ta a Jamus a 1860, kuma a 1884 wani likitan ido a birnin Biyana, Carl Koller, ya nuna cewa tana kashe zafi a ido har a yi aiki. Ita ba ta fasa rumbu. Tsayawa take yi a ƙofar komawa ta toshe ta, sai dofamin da noradirenalin su rasa hanyar gida, su yi ta maimaita saƙo ɗaya. Aikinta gajere ne, domin cikin kimanin awa 1 ta ragu zuwa rabi. Wadda ake zuƙa a hayaƙi, daɗinta ba ya wuce minti 5 zuwa 15, shi ya sa mai shan ta yake ƙarawa a kai a kai har kuɗinsa su ƙare.

Tana da haɗari biyu na musamman. Tana tsuke jijiyoyin da ke ciyar da zuciya a daidai lokacin da ta sa zuciyar gudu, kuma tana rikita wutar da ke tsara bugun. Saurayi mai jini a jika yana iya faɗuwa matacce a karon farko. Idan aka haɗa ta da giya, hanta takan ƙera wani sabon sinadari daga su biyun, wanda ya fi daɗewa a jiki kuma yana ƙara wa zuciya nauyi.

A da ana ɗaukar yankinmu hanya ce kawai ta kayan da ke kan hanyar Turai. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya bayyana cewa hodar da ake kamawa a ƙasashen Sahel ta tashi daga kimanin kilo 13 a shekara tsakanin 2015 da 2020 zuwa kilo 1,466 a 2022. Duk inda ayari ya bi, sai wani abu ya zuba a hanya, kuma 'ya'yanmu ne ke tsinta.

Ka kuma sani cewa hanyar da magani ya bi ya shiga jiki tana da tasiri. Wanda aka haɗiya sai ya yi rabin awa ko fiye kafin ya kama. Wanda aka shaƙa ta hanci, 'yan mintuna. Wanda aka zuƙa a hayaƙi ko aka yi allurarsa, 'yan daƙiƙu. Gwargwadon saurin isarsa ƙwaƙwalwa, gwargwadon saurin kama mutum. Allurar da aka yi karo-karo da ita kuma tana yaɗa ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C.

Ina matsayin tramol?

Za ka ce, ai abin da aka fi gani a tashoshinmu da wuraren haƙar zinariya shi ne tramol, har wasu na jefa shi cikin kofi. Gaskiya ne. Amma tramol maganin ciwo ne daga dangin mofin, ba ya cikin gidan masu zaburarwa. Abin da ke ruɗar mutane shi ne yana da hannu biyu. Da hannu ɗaya yana kashe ciwo kamar sauran danginsa, da ɗayan kuma yana ɗan toshe ƙofar komawar noradirenalin da wani sinadari mai suna serotonin. Mai dako sai ya ji ciwon baya ya tafi, jiki ya yi sauƙi, ya ɗauka ƙarfi ya samu.

A asibiti ƙwayar tramol ta yau da kullum miligiram 50 ce, kuma ba a wuce 400 a yini. Wadda ake sayarwa a tire da bayan kanti takan kai 120, ko 200, ko 225, har 250 a ƙwaya ɗaya. Biyu kacal na 225 ko 250 sun haura iyaka. Yawansa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma idan aka haɗa shi da giya ko diyazefam yana iya tsayar da numfashi. Haɗa shi da kofi mai ƙarfi ko lemon kuzari ba ya rage haɗarin, sai dai ya ɓoye alamun har lokaci ya ƙure.

Me ya sa bari yake da wuya?

Ƙwaƙwalwa ba ta son hayaniya. Idan aka yi ta cika ta da dofamin, sai ta rage yawan mazaunan da ke karɓar sa, kamar mai toshe kunne a gidan biki. Abu biyu ke biyo baya. Ƙwaya ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai huɗu. Sannan abubuwan da a da suke faranta rai, irin su abinci mai daɗi, da hira da iyali, da cinikin da ya yi albarka, duk su zama lami. Wannan canji ne na zahiri a cikin ƙwaƙwalwa, shi ya sa zagi da duka da ɗaurin mari ba sa warkar da shi. Labari mai daɗi shi ne ƙwaƙwalwa tana farfaɗowa. Hotunan da masana suka ɗauka na waɗanda suka bar metamfetamin sun nuna gyara mai yawa bayan shekara guda ko fiye.

Ɓarnar da suke yi wa jiki

Zuciya da hanyoyin jini su ne na farko. Bugu yana ƙaruwa, jini yana hawa, kuma jijiya na iya fashewa ko toshewa a ƙwaƙwalwa, abin da ke kawo shanyewar ɓarin jiki ko ga matashi.

Na biyu zafin jiki. Amfetamin da hodar iblis suna sa tsoka ta yi ta aiki, suna tsuke jijiyoyin fata da ke fitar da zafi, suna kuma ɓoye ƙishirwa. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Wagadugu da Yamai da Sakkwato ke haura digiri 40, wanda ya sha su ya shiga rami ko ya hau lodin buhuna yana iya dafuwa daga ciki. Tsoka ta narke, fitsari ya koma kalar shayi, ƙoda ta tsaya.

Na uku hankali. Yawan dofamin tare da kwanaki ba barci yana haifar da zargi: mutum ya ga kamar ana bin sa, ya ji muryoyi, ya ji kamar ƙwari na yawo a ƙarƙashin fatarsa har ya yi ta susa. Iyalai da yawa sukan ce iska ce ko sammu. Ku yi masa addu'a, amma ku kai shi asibiti a ranar, domin wannan hali yana da magani, kuma sau da yawa yakan lafa cikin kwanaki ko makonni idan an daina shan ƙwayar.

Sai kuma rama, da bushewar baki mai lalata haƙora, da cizon haƙora, da saurin fushi wanda ke raba mutum da iyalinsa da abokan sana'arsa.

Amfaninsu a hannun likita

Kada a ɗauka waɗannan sinadarai ba su da wani alheri. Ana ba jariran da aka haifa bakwaini kafeyin a ma'auni domin kada numfashinsu ya riƙa tsayawa, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ana amfani da efedirin a ɗakin tiyata domin ɗaga jinin matar da ake yi wa aikin haihuwa idan ya faɗi. Ana ba yara masu larurar rashin natsuwa da kasa mayar da hankali maganin metilfenidet, wanda aka fi sani da Ritalin. Bambancin magani da guba yana ga adadi, da dalilin sha, da sa idon masani. Ƙwayar da aka saya a tire ba ta da ko ɗaya cikin ukun, kuma ba ka da tabbacin abin da ke cikinta.

Nasiha ga kowa da sana'arsa

Kai direba, ko kana ɗauko kaya daga Lome ta Sinkase, ko daga Tema ta Po, ko kana bin hanyar Ƙonni zuwa Maraɗi: binciken da aka yi a Ostireliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 a farke, kuzarin hankalinsa yana raguwa kamar na wanda ya ɗan sha giya. Ƙwaya tana buɗe ido, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa satar barcin daƙiƙa 3 ko 4. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 100 cikin daƙiƙa 4. Idan barci ya zo, ka tsaya a wuri mai aminci, ka sha kofi ɗaya, ka kwanta minti 20. Wannan zai kai ka zango na gaba, a can kuma sai ka yi barci na sosai.

Kai ɗalibi, musamman ku da ke kewayen Jami'ar Joseph Ki-Zerbo: a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka karanta. Wanda ya kwana a farke da ƙwaya yakan ji kamar ya haddace littafi, ya shiga ɗakin jarrabawa ya tarar da kansa fanko.

Ke mai juna biyu ko mai shayarwa: kafeyin yana ratsa mahaifa, yana kuma shiga nono. Ki tsaya a kofi 2 ko ƙaramin goro 1 a yini, ki kuma raba shayi da lokacin cin abinci da na shan maganin ƙarin jini, domin shayi yana rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jiki. Hodar iblis da amfetamin kuwa suna iya ɓalle mabiyiya kafin haihuwa, su jawo zubar jini da asarar ɗa.

Kai mai hawan jini, ko ciwon zuciya, ko farfaɗiya, ko gyambon ciki: ka tambayi ma'aikacin lafiya ko mai kantin magani na hukuma kafin ka sha maganin mura, ka kuma nisanci lemunan kuzari. Yara ƙanana ma kada a ba su.

Idan abu ya faru a gabanka

Ka gaggauta neman taimako idan wanda ya sha irin waɗannan abubuwa ya kamu da ciwon ƙirji, ko matsanancin ciwon kai, ko jikinsa ya yi zafi rau, ko bakinsa ya karkace, ko hannu da ƙafa suka mutu, ko ya fara jijjiga, ko ya rikice ba ya gane mutane. A Burkina Faso da Nijar ana kiran 'yan kwana-kwana a lamba 18, a Najeriya kuma 112.

Kafin taimako ya iso, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa da ruwa ana yi masa fifita. A rage taro da hayaniya, mutum ɗaya ya riƙa yi masa magana a hankali. Kada a danne shi a ƙasa ko a ɗaure shi, domin kokawa tana ƙara zafin jiki da nauyin zuciya. Idan yana jijjiga, a kawar da abin da zai ji masa rauni, kada a sa masa cokali ko yatsa a baki. Idan ta lafa, a kwantar da shi ta gefe. Kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa madara ko manja, domin suna iya faɗawa huhu. A tafi da kwalin abin da ya sha ko ragowarsa, a kuma gaya wa ma'aikatan lafiya gaskiya. Riƙe sirrin majiyyaci wajibi ne a kanmu, kuma sanin abin da aka sha shi ke nuna mana maganin da ya dace.

Ga mai son ya bari

Ka fara da asibitin unguwarku: CSPS a Burkina Faso, CSI a Nijar, ko ƙaramin asibitin shan magani a Najeriya. Daga nan za a tura ka gaba idan da bukata. A Wagadugu akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Yalgado Ouédraogo, a Bobo akwai na asibitin Sourô Sanou, a Yamai akwai na Babban Asibitin Ƙasa. A Najeriya akwai asibitin Kware kusa da Sakkwato, da na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna.

Ka san abin da ke gabanka domin kada ya firgita ka. Kwanakin farko na barin amfetamin ko hodar iblis kwanaki ne na barci da yunwa da ƙuncin rai. Wasu har tunanin kashe kansu yake zo musu, don haka kada a bar mutum shi kaɗai, kuma idan ya furta irin wannan magana a kai shi asibiti nan take. Bayan mako 1 zuwa 2 jiki yakan fara daidaita, ko da yake kwaɗayin yakan riƙa dawowa na tsawon watanni. Har yanzu babu wata ƙwaya da aka tabbatar tana cire wannan kwaɗayi, saboda haka ka yi hattara da masu tallan maganin wanke jini. Abin da aka ga yana aiki shi ne zama da mai ba da shawara a kai a kai, da rabuwa da majalisar da ake sha, da samun abin yi, da goyon bayan iyali. Mai shan tramol kuwa kada ya yanke shi dare ɗaya, a rage masa a hankali bisa tsarin likita. Wanda ya bari sannan ya koma, kada ya yanke ƙauna, kuma kada ya koma kan adadinsa na da, domin jikinsa ya riga ya manta da shi, yana iya kashe shi.

Ku iyaye da iyayen gida, masu motoci da masu ramuka da shugabannin tasha, kuna da babban rabo a wannan aiki. Yaron da aka ɗora wa tafiyar kwana biyu ba hutu, ko lodin da ya fi ƙarfinsa, an riga an nuna masa hanyar mai tire. Ku ba shi lokacin barci, da ruwan sha, da abokin canji a tuƙi. Kai kuma mai karatu, idan ka gama da takardar nan, ka karanta wa wanda bai iya karatu ba, ka miƙa ta ga na kusa da kai. Mai tambaya ya zo asibiti ya same mu, ƙofa a buɗe take. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.